Kwana Tara a Neman Sauti

Asabar

Yau na sauko da kwalaye uku daga kan kabad. Faifan CD ne a ciki, sun haura 300. Wasu na saya a Jidda, wasu ƙanena ya riƙa aiko mini daga Landan, sauran a nan Kano na tsince su. Na zauna kan tabarma ina goge su da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, don kada karce ya bi layin da waƙa ke kwance. Rediyon da nake saka su tun bara ya mutu. Wannan karon ba zan sayi mai haɗe da komai a akwati ɗaya ba. Uku zan haɗa: na'urar karanta faifai, amfilifaya, da lasifika biyu.

Lahadi

Babban ɗana ya tsaya kaina ya ce, "Baba, ai duk waɗannan suna cikin waya." Na ce masa ya zauna. Tun 1982 da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD, faifan yana ɗaukar ma'aunin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke ba da kilobit 1,411. Irin MP3 da ake tura wa juna a waya sau da yawa 128 ne. An zubar da kashi goma cikin sha ɗaya ke nan, aka ce kunne ba zai lura ba. Nawa kunnen yana lura.

Litinin

Na shiga Sabon Gari da faifai uku a aljihun babbar riga: Talking Timbuktu na Ali Farka Toure da Ry Cooder na 1994, In the Heart of the Moon da Ali Farka ya yi da Toumani Diabate a wani otal a bakin kogin Kwara a Bamako, da karatun Abdulbasit. Na san su kamar yunwar cikina, shi ya sa na zaɓe su.

Mai shagon farko ya murɗa ƙara har kwalaye na rawa. "Alhaji, wannan wat dubu ce, har ƙarshen layinku za a ji." Na roƙe shi ya rage. Da ya rage, sai kora ta Toumani ta koma kamar ana kaɗa waya a cikin garwa. A nan kaya ke tona kansu. Ba ƙarshen layi nake son ya ji ba. Amfilifayar NAD 3020 da ta yi suna a duniya tun 1978 wat 20 kacal take bai wa kowace lasifika.

Talata

Wani dattijo mai gyara, wanda ya tsufa a kan kayan sauti, ya ba ni kujera ya karanta mini darasi. In gwanjo zan saya, in fara juya bayan na'ura in duba wutar da aka rubuta: kayan Amurka 120 ne, na Japan 100, namu 230 kamar na Turai. Wanda bai duba ba, hayaƙi zai gani. Sai idon da ke karanta faifai, shi ne ke fara gajiya; in ta daɗe tana juya faifai kafin adadin waƙoƙi ya fito, idon ya kusa. Robar da ke jan tire ma takan saki, amma wannan gyaran minti goma ne.

Ya buɗe wata tsohuwar Philips ya nuna mini da bakin sukundireba wani baƙin guntu mai ƙafafu, an rubuta TDA1541. Shi ke mai da lambobin faifai su zama sauti, kuma har yau akwai masu farautarsa. Ya ce, "Alhaji, wannan sai sha'awa, ba ta da kayan gyara. Ka ɗauki Marantz ɗin can, mai kafar fitar da lambobi a baya. Gobe in ka so sauya mai fassara lambobin, sai ka jona." Na ɗauka.

Laraba

Ban fita ba. Na auna ɗakin: mita 4 da 5.

Alhamis

Yau ce ranar. Aka kai ni wajen wani mai shigo da kayan Ingila na hannu, ya jera mini KEF, Wharfedale da Bowers & Wilkins, ya bar ni da su tun bayan azahar. Na'urar faifai biyu masu kyau, bambancinsu sai ka kasa kunne sosai. Lasifika kuwa, cikin daƙiƙa biyar ka ji kowace da halinta. A nan ya kamata yawancin kuɗin mutum su tafi.

Dogayen lasifikun suka fara burge ni, gangar ƙasa ta cika ƙirji. Da na saka Abdulbasit sai na ji an ƙara wa muryarsa kauri da ba nata ba. Na koma kan ƙananan KEF. Ga numfashin da yake ja kafin doguwar aya, ga amon zauren yana dawowa bayan ya tsaya. Na sa kora. Hannu biyu na Toumani suka rabu: babban yatsa yana riƙe da ƙasa, manuniya tana gudu a sama, jitar Ali Farka tana gefe. Shekara nawa ina jin faifan nan, ban taɓa jin yatsa na gogar tsirkiya ba sai yau. Na yi shiru har mai shagon ya leƙo ya ce, "Lafiya, Alhaji?"

Kafin in biya na duba takardar baya. Om 8 ce, ba za ta wahalar da amfilifaya ba kamar mai 4. Sai dai ƙananan lasifiku sun fi cin ƙarfi: duk ragin desibel 3 a saurin amsawarsu, sai an ninka wat kafin a samu ƙara ɗaya. Don haka na haɗa da amfilifaya mai wat 50.

Juma'a

Bayan masallaci na koma neman wayar lasifika. An nuna mini wata a akwati mai kyau, kuɗinta ya kusa rabin na amfilifaya. Na ƙi. Na sayi tagulla mai kauri, mita 3 sau biyu. Sauran kuɗin na sa su a sitabilaiza mai nauyi, domin wutarmu da janareta su ne ajalin irin waɗannan kaya.

Asabar

Na haɗa komai, na kunna, gabana ya faɗi. Sautin ya yi tauri, yana sukar kunne, ba shi ne na ranar Alhamis ba. Ashe ɗakin ne: tayil a ƙasa, bango tsirara, taga ba labule. Uwargida ta ba ni babban kafet na falo, muka rataya labule mai kauri. Na janye lasifikun daga jikin bango kamar kamu ɗaya, na bar mita 2 tsakaninsu, na ajiye kujera mita 2 daga kowace, ƙaramin bakin lasifikar daidai kunnena. Muryar Ali Farka ta zo ta tsaya a tsakiya, inda babu lasifika.

Lahadi

Da hantsi na ɗauko faifan Shata da na saya a kasuwa shekarun baya. Abin ya sosa mini rai. Kayan nan ba sa rufa asiri: ga shuu ɗin kaset a ƙasa, kalangu ya dushe, 'yan amshi sun cure wuri ɗaya. Daga kaset aka kwafa, aka matse, sannan aka ƙona a faifai. Na Ɗan Maraya ma haka, kuntigin kamar daga bayan katanga. Makaɗan Mali sun samu masu ɗaukar sautinsu da kulawa. Namu, Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, abin da ke hannuna kwafin kwafi ne.

Duk da haka ban cire faifan ba. Na rage ƙara kaɗan, muryar Shata ta keto hayaniyar ta fito. Ɗana ya shigo zai ɗauki caja, ya tsaya a bakin ƙofa, can ya zauna kan kafet. Muka ji har ƙarshe. Da aka kira azahar na kashe amfilifaya, sannan na'urar faifai, na lulluɓe su da farin mayafi saboda ƙurar hunturu.