Ikko ko Kano? Lissafin da Yayana Ya Yi

Da hutun ƙarshen zango na koma gida, na tarar da yayana ya baje takardu a kan tabarma yana ta lissafi har tsakar dare. Ya gama karatun kwamfuta, ya kuma ƙirƙiro wata manhaja ta wayar hannu wadda za ta riƙa haɗa dillalan hatsi da masu saye. Jarin da ke hannunsa kuwa kuɗin gonar gado ne da mahaifiyarmu ta sayar ta ba shi. To, ka ga ba kuɗin wasa ba ne.

Abokansa duk sun ba shi shawara ya tafi Ikko. Suna da hujja, domin a unguwar Yaba matasan wannan sana'a suka fi taruwa, kuma a Ikko kamfanin Paystack ya tashi har Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. A can mai gida sai ya karɓi hayar shekara guda dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin yarjejeniya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na man janareto suka ƙara hawa. Shi kuwa sabon kamfani, kafin ya fara kawo riba, jarinsa yake ci.

Na tambaye shi, "Yaya, ashe Kano ta fi ke nan, tunda ta fi sauƙi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, araha ba ta ado. Da masu sayen kayana a Ikko suke, dole in tafi, ko da a ƙasa zan riƙa kwana. Amma su suna kasuwar Dawanau."

Nan na gane lissafin nasa. Tsadar gari ita ke yanke yawan watannin da jari zai kai ka, amma inda abokan cinikinka suke shi ke nuna ko watannin za su yi amfani.

Yanzu yana zaune a gida, ba haya, tuwon Inna yake ci. Masu zuba jari dai sun yi masa nisa, riba kuma ba ta fara shigowa ba. Kullum da asuba Inna sai ta yi masa addu'a. Allah ya sa gonar nan ta dawo, amin.