Magazin: Unguwar Kanikawa A Kumasi

Wannan mako daga ƙasar Gana nake gaishe ku, daga Kumasi, babban birnin Tonawa, watau Asante, ƙasar da kakanninmu suka riƙa zuwa fataucin goro. Aikin maigida ya kawo mu nan. Shi kuwa kullum yana bisa hanya, saboda haka in motar gida ta samu ciwo, ni ke kai ta gyara.

Duk wanda ka tambaya ina ake gyaran mota, amsa ɗaya ce: Magazin. Unguwa ce a Suwame, arewa da tsakiyar gari, a kan hanyar da ta nufi Tamale. Magazin da Turanci ma'ajin albarushi da makamai ke nan. Wajen shekarun 1930 masu gyara suka fara taruwa kusa da wani tsohon ma'ajin makaman soja, da aka tashe su suka koma Suwame sai sunan ya bi su. Yau tana cikin manyan matattarar kanikawa na Afirka duka.

Tun daga nesa za ki ji ƙarar guduma. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, tsofaffin injuna jibge kamar dalar gyaɗa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kowa da fanninsa. Mai inji ba ya taɓa wayar lantarki, mai giya dabam, mai birki dabam, ga masu walda, ga masu fenti, ga masu ɗinkin kujeru. In ƙarfe ya karye aka rasa irinsa a kanti, akwai masu narka wani su zuba sabo. Kowane masta yana da yaransa masu koyo, suna shekaru a hannunsa kafin ya yaye su. Har 'yan mata na gani da sifana a hannu.

To, amma baƙuwa ta yi hattara, domin baƙo ko da ido makaho ne. Ga abin da matan Zango suka koya mini. Da fari kada ki shiga Magazin ke kaɗai ki tsaya wurin wanda ya fara ɗaga miki hannu. Nemi ɗan gari ya haɗa ki da mastan da ya sani, don mai gyara yana jin kunyar wanda ya aiko ki. Harshen garin Tuwi ne, amma yi sallama da Hausa, da wuya a rasa mai amsawa.

Na biyu, a nan kuɗin aiki dabam, kuɗin kaya dabam. Ku yanke kuɗin aiki tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba. Kaya kuwa ke za ki saya, masta ya haɗa ki da yaronsa ku tafi kanti. Tambayi sabo ne ko na hannu, kuma a ba ki tsohon da aka cire ki gani da idonki. Ran da lagireton motarmu ya yi yoyo, wani ya ce sai sabo. Mastanmu ya duba ya ce huji ɗaya ne, aka like, har yau ruwa bai sāke zuba ba.

Sai dai akwai inda ba a neman araha, shi ne birki da taya. Motar nan ita ke kai yara makaranta. Abin da aka rage a birki, ran tsautsayi asibiti za a kai shi, in ma an yi sa'a.

Ku kuma 'yan makaranta, in Baba ya buɗe gaban mota ku matso ku tambaya: ina batir, ina fulogi, ina ake duba baƙin mai? Mace da ta san sunan abu ba a sayar mata da shi sau biyu. Allah ya kiyaye hanya, amin.