Layin da Ya Yi Mana Kasuwa a Gummi

Kafin zuwan wayar salula, farashin hatsi a Gummi a bakin direba yake. Motar da ta taso daga Gusau ta biyo ta Anka da Daki Takwas ita ke kawo labarin nawa aka sayar da buhun gero, kuma sau da yawa kafin labarin ya iso kasuwa ta juya. A rumfar kawuna na tashi ina awon tiya, na kuma ga yadda ɗan kasuwa ke loda kaya da kaka, bai san ko riba ke jiransa a can ko faɗuwa ba.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya. Mu labari kawai muka ji. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, kira kuma naira 50 a minti, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe sai an cire maka kuɗin minti cikakke. Abin na manyan Alhazan birni ne. Sai a 2003, da Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanonin suka bi sahu, kuɗin layi ya riƙa faɗuwa har mai tireda ya fara sa rai.

Da sabis ya iso mana, ba kowa ya mallaki waya ba. Yara masu laima da teburi a bakin tasha su ne ofishin kowa. Ka biya, ka kira, mai laima na duba agogo, jama'a na bayanka suna jin duk cinikin da kake yi. Kawu bai son haka ko kaɗan, don sirrin kasuwa ba a baza shi a tasha. Shi ya sa ya daure ya sayi Nokia ƙarama mai toci, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. A garin da wutar lantarki ba ta zama, wannan ya fi kowane ado.

Zaɓen layi kuwa shawara ce da aka yi ta a rumfa, da mutane. Ba talla muka bi ba. Kawu ya aike ni in zaga in tambayi dillalansa da direbobinsa wane layi kowa ke riƙe da shi, domin a lokacin kiran layi iri ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan aka duba wanne ke kamawa a cikin rumfar kanta, wanne ke kaiwa ƙauyukan Bukkuyum inda muke sayen wake, don akwai inda sai mutum ya hau tudu ko ya tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin murya ta fita. Da na kawo masa labarin wani tsari mai garaɓasa, sai ya ce: "Ɗana, layin da mutanena ba su kai, mi zan yi da arahatai?" Har yau ban ji wanda ya fi shi gane lissafin ba.

Muka koyi tattali. Katin naira ɗari ana kankare shi da kwabo, a karanta lambobin a hankali. Filashin ya zama yare: sau ɗaya, mota ta taso, sau biyu, kaya sun sauka lafiya, in an yi ta kira ba ƙaƙƙautawa, to akwai magana, mai kuɗi a waya shi zai kira. Matasa na raba dare a kiran kyauta, mu kuwa da asuba muke namu, kafin a buɗe kasuwa. Sunan kamfani ɗaya ya yi ta sauyawa, daga Econet zuwa Vmobile, Celtel, Zain, har Airtel a 2010, amma tsofaffi suka ci gaba da kiransa da sunan da suka saba. Da wayoyi masu layi biyu irin su Tecno suka shigo, aka huta da ɗaukar waya biyu a aljihu.

Abin da nake kewa shi ne yadda waccan ƙaramar wayar ta ɗaga darajar ƙaramin ɗan kasuwa. Manomi daga ƙauye ya daina sayarwa a makance. Matar da ke yin ƙuliƙuli a cikin gida ta samu masu saye a Anka ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Hanya ma a lokacin lafiya take, kira ɗaya ya isa direba ya taso da dare.

Sai a Satumban 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, muka ga irin nauyin da kasuwa ta ɗora wa waya. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa jihar Sakkwato ko Kebbi don kira ɗaya tak, aka koma ba direba saƙo a takarda. A 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Yaran da ke rumfar a yau na riƙe da manyan wayoyi, suna tura hoton buhu ta WhatsApp, suna karɓar kuɗi ta POS, amma duk mai zuwa saro a ƙauye sai ya haɗa da ƙaramar waya, don ita ke riƙe caji har ya dawo.