Rumfa Marar Ƙafa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a birnin Sakkwato ba ya bukatar a gaya masa darajar inuwa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, har ƙasa ta gagari takawa da tsakar rana. Saboda haka a gidanmu da ke Rijiyar Ɗorowa rumfa ba ado ba ce. A nan mahaifina yake karɓar baƙi, a nan kuma yake ƙailula.

Tsohuwar rumfarmu ta zana ce, bisa shisshike shida, shi kuwa ya kafa ta da hannunsa tun ina goye. A farkon daminar 2022 iska ta riga hadari isowa, ta kwashe ta ɗungurungum, ta bar tsoho yana bin gindin katanga neman inuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na ɗauki kuɗin da nake tarawa domin rajistar makaranta, na sayo rumfar zamani, irin wadda ake warewa a kuma naɗe.

Ga yadda take: tamfol ne naɗe a jikin dogon bututu, da hannuwan ƙarfe biyu masu lanƙwashewa kamar gwiwar hannu. A cikinsu akwai sifirin mai ƙarfi da ke miƙar da tamfol idan an juya mariƙi. Ba ta da shisshike ko ɗaya, watau bango shi ke ɗaukar nauyinta duka.

To, a nan na yi kuskure. Takardar bayani ta ce a ɗaure ta a bango, alhali kuwa bangonmu na bulo ne mai kogo a ciki. Na huda, na ɗaure, na fara warewa cikin alfahari. Hannuwan ba su gama miƙewa ba sai kusoshi suka soma zarewa, filasta na zuba. Ba don ƙanena ya tallabe bututun ba, da kuɗin makarantata sun faɗo a kan tsoho.

Duk wannan hidima Baba yana zaune bisa buzunsa, bai ce uffan ba. Can sai ya ce, “Ɗan nan, wagga rumfa taka ba ta da ƙahwa, to nema mata ƙashi.” Ya nuna mini da sanda zubin kankare mai rodi da ya ratsa saman ƙofa da taga. Wanshekare muka mai da maɗauran can, muka aro ma'aunin magina muka daidaita su, muka sassauto da bakin rumfar domin kada ruwan sama ya kwanta mata.

Saura abu guda da nake jin nauyin faɗi: dole a naɗe ta duk sa'ad da iska ta taso. Na zaci zai ce rumfar da ke gudun iska ba rumfa ba ce. Sai ya yi dariya, ya nuna asabarin da ke ƙofar ɗakin Inna, ya ce ai tun kakanninmu ake naɗe inuwa a kuma sake ta, kuma da tasa ta iya duƙawa da har yau tana nan.

Ba zan ɓoye ba, inuwar tamfol ba ta kai ta zana sanyi ba, domin zana tana shan iska ta ƙofofin saƙarta. Shi ya sa Baba ya rataya sabuwar zana ta yamma, inda ranar la'asar ke dukan mutum. Ni kuwa sai da na yi aikin hutu kafin na cike kuɗin rajista. Amma yanzu, da hadari ya haɗu a gabas, ba ya kiran kowa. Yakan miƙe a hankali, ya kama mariƙi ya juya, sa'an nan ya shiga ɗaki ya jira ruwa.