Su Wa Za Su Kama Gefen Shimfiɗar?

Karatu: Markus 2:1-12

Ɗan'uwana cikin Almasihu, idan ka duba cikin majami'arku ran Lahadi, mai yiwuwa akwai yaron da ya yi jinkirin tafiya da magana, mai 'yan ƙananan idanu da yawan fara'a. Likitoci suna kiran halinsa larurar Down, da sunan John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. A 1959 masana a Faransa suka gano sanadinta. Kowane mutum yana da ƙunshin gado 46 a cikin ƙwayoyin halittarsa, waɗanda ake kira kuromosom, amma wannan yaro yana da 47, domin na lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. Ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma hukuncin zunubin iyayensa ba ne. Ubangijinmu ya riga ya kashe irin wannan zargi a Yohanna sura 9, sa'ad da almajirai suka nemi mai laifi a kan makahon da aka haifa haka.

Akwai wani abu game da waɗannan yara da na ga bai kamata ikilisiya ta zauna ba ta sani ba. Haɗarin kamuwa da sankarar jini a gare su ya ninka na sauran yara sau 10 zuwa 20, musamman kafin shekara biyar. Kada zuciyarka ta karai, gama duk da haka kimanin biyu ne cikin ɗari ke kamuwa. Ciwon yana farawa a cikin ɓargo, inda ake yin jini. Ƙwayoyin da ba su nuna ba sukan yi yawa har su danne masu kyau. Kusan jariri ɗaya cikin goma masu larurar yakan zo duniya da irin waɗannan ƙwayoyi, galibi kuma sukan ɓace da kansu cikin wata uku. Amma wajen ɗaya cikin biyar na waɗannan jarirai, ciwon yakan dawo daga baya a matsayin sankara sosai. Shi ya sa ake so likita ya riƙa bin jininsu.

Ga abin da ke ba ni mamaki cikin aikin Mahalicci. Sankarar da ta fi addabar ƙananansu, wadda ake kira mayeloyid, tana jin magani a jikinsu fiye da yadda take ji a jikin sauran yara. Inda akwai kulawa mai kyau, sama da takwas cikin goma sukan warke, da magani mai sauƙin ƙarfi ma. Ɗaya irin kuwa, mai suna limfoyid, ta fi wuya kaɗan, domin magungunanta suna jigata su, cututtuka kuma suna saurin kama su lokacin jinya. Ita ma yawancinsu sukan rayu idan an lura da su sosai.

To, me ya sa a wurinmu labarin yakan ƙare da kuka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Ciwon iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen makara, da tsadar magani, da barin jinya a tsakiya idan aljihu ya bushe. Alamun farko sukan yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko sikila: jiki ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, kasala, haɓo, jini a dasashi, ɗigon ja ko tabo a fata ba tare da an buge ba, ciwon ƙashi, kumburin ciki. Sai a yi ta sayen magani a kemis har makonni su wuce. Idan ka ga haka, ka sa iyayen su nemi cikakken gwajin jini, in da hali su isa asibitin koyarwa kamar na Jos, Zariya ko Kano.

Yanzu ka koma ga karatunmu. Shanyayyen nan na Kafarnahum bai iya kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi, da taro ya tare ƙofa kuma suka buɗe rufin ɗaki. Markus ya nuna mana cewa Yesu ya ga bangaskiyarsu. Bangaskiyar tasu kuwa tana da hannu da ƙafa. Uwa ɗaya ba za ta iya kama gefe huɗu na shimfiɗa ba. Jinyar tana ɗaukar watanni, wani irin ma shekara biyu ko fiye. Ana bukatar jini sau da yawa, kuma majami'armu cike take da matasa masu lafiya. Ana bukatar kuɗin mota, da wanda zai riƙe sauran yara, da wanda zai nome gonar mahaifin. Zumuntar mata da dattawa za su iya tsara wannan kamar yadda suke tsara baiko na godiya.

Na sha jin ana cewa a bar irin wannan yaro, wai ko ya warke me zai amfana. Wannan magana ba ta dace da bakin mai bi ba. Allah bai auna rai da saurin karatu ba. Kada kuma ka ce wa iyaye su zaɓa tsakanin addu'a da asibiti. Ka yi addu'a tare da su, sa'an nan ka raka su wurin likita. Idan kuwa an yi iyakar ƙoƙari Ubangiji ya kira yaron gida, kada ka zargi bangaskiyarsu, ka zauna tare da su.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu ga yaran da ka danƙa mana. Ka ba likitoci hikima, ka ba iyaye ƙarfi, ka sa a same mu cikin masu kama gefen shimfiɗa. Cikin sunan Yesu, amin.