Rawanin Giɗaɗawa

Duk sa'ad da mu masu rubutu muka taɓo zancen sarautar gado, Wazirin Sakkwato muke fara kawowa. Tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hau a 1817 ya riƙi Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, a matsayin wazirinsa, rawanin ya zauna a zuriyarsa. Bai bi ɗan fari kurum ba. Abdulƙadir da Khalilu da Abdullahi Bayero duk sun ɗana kafin ya sauka kan Buhari, jikan Giɗaɗo.

A ganinmu, alƙalami ne ainihin abin da ake gada a gidan nan. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan kan karamomin Shehu. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, Buhari kuwa ya zauna da jama'a. Bai bar mutane da zato ba, sai da ya rubuta wa malamai risala yana kawo hujjarsa. Waziri nawa ne a yau zai yi haka? Ɗansa Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya bar mana Tarihin Fulani, kuma a taskarsa Murray Last ya ɗebi yawancin abin da ya rubuta kan Daular Usmaniyya.

Takardun suna nan cikin Larabci da ajami. Mu da boko ya rena, kaɗan ne cikinmu ke iya karanta su ba tare da mun nemi malami ba.