Ɗan Amana a Kan Teku

Mutumin Dapaong ba ya ɗaukar kamun kifi abin shaƙatawa. Babban ruwan da ya sani shi ne kogin Oti a Mango, shi ma daga kan gada yake kallonsa. Daga Dapaong zuwa Lome ya fi kilomita 600, saboda haka da yawa sukan tsufa ba su ga teku ba, ko da yake kullum suna jin labarin Bitrus da Andarawus masunta.

Akwai wani mai bishara a can wanda ya daɗe yana wa'azi a kan Markus sura 4, inda iska ta tasar wa almajirai a Tekun Galili. Da aka kira taron ikilisiya a Lome cikin watan Yuni, sai ya ƙudura zai shiga jirgin masunta ya jefa ƙugiya da hannunsa. A hanya ya kwana a Zangon Sokode, gidan abokinsa Musulmi mai sayar da goro. Da safe maigidan ya haɗa shi da ɗansa mai shekara 14 domin ya ga birni, ya ce, "Malam, ga amana."

Wannan tun kafin a buɗe sabuwar tashar masunta ta Lome ne a 2019. Ya sami wani kwalekwale mai inji na Ewe, ya saya musu mai, suka yarda. Shugaban jirgin ya dubi sama, ya ce ba za a yi nisa ba, gama damina ce. Yaron ya yi ta roƙo, mai bishara kuwa bai iya hana shi ba.

Sun kama kifi huɗu ke nan hadari ya haɗu daga gabas, kamar yadda yake yi a gida. Amma a Dapaong in ka gan shi sai ka kwashe shanya ka shiga ɗaki. A nan babu ɗaki. Gaɓa ta ɓace, jirgi ya hau tudun ruwa ya faɗa kwari, yaro yana ta amai. Mai bishara ya jawo igiya zai ɗaure shi a jikin katako, sai shugaban ya daka masa tsawa. Wanda aka ɗaure, in jirgi ya kife, tare za su nutse. Ya miƙa wa yaron jarkar da ba kome a ciki ya rungume, shi kuma mai bishara aka ba shi gwangwani ya riƙa kwarfe ruwa.

Ayoyin da ya haddace duk suka gudu. Abin da bakinsa ya iya shi ne, "Ya Yesu, ɗan mutane ne." Yaron ma yana tasa addu'ar ƙasa-ƙasa. Tekun Galili tafki ne mai tsawon kilomita 21 kawai, duk da haka masuntan da suka girma a cikinsa sun firgita. Masu saurin zargin almajirai da ƙarancin bangaskiya galibi a kan benci suke zaune.

Iska ba ta kwanta nan da nan ba. Shugaban ya riƙa fuskantar da hancin jirgi ga igiyar ruwa har suka shiga tasha da la'asar.

Bayan kwana 3 ya mai da yaron Sokode, ya faɗa wa uban kome, bai ɓoye ba. Maigidan ya yi shiru, ya shafa kan ɗansa, sa'an nan ya ce, "To Malam, ina kifin?"